Idan Sankarar Ƙwan Mahaifa Ta Dawo Wa Mahaifiya: Wane Magani Za A Haɗa Da Na Asibiti, Wanne Za A Bari?

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammad, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga karatun Risala tsakanin Magariba da Isha'i, wani ɗalibi ya zauna har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce: "Malam, ciwon Inna ya dawo." Shekara biyu da suka wuce an yi wa mahaifiyarsa aiki a Yamai, aka cire mata mahaifa da ƙwayayenta saboda sankara, aka yi mata ƙarin ruwan maganin sankara, wanda muke kira shimiyo, har sau shida. Ta samu sauƙi, ta koma harkokinta. Bayan shekara ɗaya da ƴan watanni ciki ya fara kumbura, abinci ya daina shiga, aka koma asibiti, hoto ya nuna ciwon ya dawo.

Daga nan gida ya rabu uku. Babban yayansu ya ce a koma wajen lokotoro a ci gaba. Ƙanwar mahaifiyar ta ce asibiti ya gwada ya kasa, wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, akwai hannu a ciki. Wani ƙanensa kuma ya samo lambar wani mai magani a WhatsApp, wanda ya ce cikin kwana arba'in zai narkar da ciwon, amma da sharaɗin a dakatar da shimiyo. Ɗalibin ya ce: "Malam, idan na hana a ba ta waɗannan magunguna, ban saɓa mata ba? Idan kuma na bari aka ba ta ta cutu, ban da alhaki?"

Wannan tambaya ba ta gida ɗaya ba ce, shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsar a fili. Abin da ya shafi likitanci a cikinta maganar likitoci ce da abin da bincikensu ya tabbatar. Abin da ya shafi hukunci kuma maganar malamanmu ce.

Me ake nufi da dawowar ciwon?

A gefen mahaifar mace, dama da hagu, akwai gaɓoɓi biyu ƙanana inda ƙwan haihuwa yake fitowa. Sankarar da take tasowa a nan ita ake kira sankarar ƙwan mahaifa. Daban take da sankarar bakin mahaifa, kuma gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata ba ya gano ta. Alamominta na farko suna kama da ciwon ciki na yau da kullum: kumburi, saurin ƙoshi, yawan fitsari, nauyi a mara. Saboda haka akasarin mata ba a gano ta a jikinsu sai ta riga ta bazu cikin ciki.

Idan aka gano ta a wannan mataki, ko da an yi aiki an yi shimiyo ciwon ya ɓace daga hoto, a cikin mata 100 yana dawowa ga kusan 70 zuwa 80. Dalili shi ne, ƴan ƙwayoyin ciwon da ido da na'ura ba sa gani suna iya saura, su kwanta, su sake tsiro. Don haka dawowar ciwon ba shaida ba ce ta sammu, ba kuma shaida ba ce cewa likita ya yi sakaci ko iyali sun gaza. Ɗabi'ar wannan cuta ke nan.

Gaskiyar da ya kamata ƴaƴa su sani, ko da tana da ɗaci: idan wannan ciwo ya dawo, galibi likitoci ba sa maganar kawar da shi gaba ɗaya. Suna maganar danne shi, da rage wahalarsa, da ƙara wa mara lafiya lokaci cikin sauƙi, da izinin Allah. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai matan da suke rayuwa shekaru suna karɓar magani ana hutawa ana komawa.

Likita yana duba tsawon lokacin da ya wuce tsakanin ƙarshen shimiyo na farko da dawowar ciwon. Idan ya haura wata 6, ana sa ran maganin farko, wato karboplatin da danginsa, zai sake yin aiki, kuma sau da yawa shi ake maimaitawa tare da wani. Idan bai kai wata 6 ba, sai a koma ga wasu magunguna. Wani lokaci ana sake yin aiki. Mahaifiyar wannan ɗalibi ta wuce shekara, wato tana cikin waɗanda ake kyautata zaton maganin zai karɓe su. A irin wannan hali, dakatar da shimiyo domin kwalbar wani mutum asara ce babba.

Abu biyu da ake cakuɗawa

Duk abin da ake ba mara lafiya wanda ba daga asibiti ya fito ba, kashi biyu ne.

Na farko shi ne wanda ake sa wa a madadin maganin asibiti: a bar wancan a kama wannan.

Na biyu shi ne wanda ake yi tare da maganin asibiti, da sanin likita, domin rage tashin zuciya, ko kasala, ko zafi, ko damuwa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai nisa, kuma an auna ta. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun wallafa sakamakon bibiyar mutum 281 masu sankarar nono, da huhu, da hanji, da mafitsarar maza, waɗanda ciwonsu bai bazu ba, suka zaɓi maganin madadi kaɗai suka bar na asibiti. Aka kwatanta su da mutum 560 masu irin ciwonsu da suka karɓi maganin asibiti. Haɗarin mutuwa ga kashin farko ya ninka na kashi na biyu sau biyu da rabi. A cikin shekarar kuma suka fitar da bincike na biyu a kan waɗanda suka haɗa biyun, suka ga su ma haɗarinsu ya ƙaru, kuma da suka bi diddigi suka gano dalilin: da yawansu daga baya sun ƙi karɓar wani sashe na maganin asibiti, ko aiki ko shimiyo. Waɗannan bincike ba a kan sankarar ƙwan mahaifa aka yi su ba, amma darasinsu ya shafe mu: babbar ɓarnar irin wannan magani ita ce ya janye mara lafiya daga abin da yake amfanarsa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa likitoci suna ƙin itatuwa ne. Maganin da ake kira paklitaksel, wanda ake haɗawa da karboplatin a yi wa masu wannan ciwo, asalinsa daga ɓawon wani itace ne da yake tsiro a arewa maso yammacin Amurka. An ɗebo ɓawon a 1962, masu bincike biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka tace sinadarin da ke cikinsa, aka yi ta gwaji, ba a amince a ba masu sankarar ƙwan mahaifa shi ba sai a 1992. Shekara 30 ke nan ana auna nawa ne yake amfani, nawa ne yake cutarwa, wa za a ba, wa za a hana. Bambancin da ke tsakaninsa da saiwar da aka jiƙa a kwalba shi ne wannan awo.

Abin da shari'a ta ce

Neman magani halal ne, kuma ba ya karo da tawakkali. Ibnu Abi Zaid ya ware babi a ƙarshen Risala a kan yin magani da ruƙya. A cikin Sahihu Muslim, daga Jabir (Allah ya yarda da shi), hadisi ya zo da ma'anar cewa kowace cuta tana da magani, kuma waraka tana samuwa da izinin Allah idan maganin ya dace da cutar. A lura da wannan sharaɗi na dacewa. A wata ruwaya ta Imamu Ahmad an bayyana cewa maganin akwai wanda ya san shi, akwai wanda ya jahilce shi. Ke nan al'amarin na ilimi ne, kuma ana komawa ga ma'abotansa.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin yin magani yana sauyawa gwargwadon hali: yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko lalacewar gaɓa, yana zama mustahabbi, yana zama halal kawai, yana kuma zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar da ake son kawarwa. Ta kuma sharɗanta izinin mara lafiya matuƙar yana cikin hankalinsa.

Sannan Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da yake nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to ramuwar abin da ya ɓata tana kansa. Saka rawani, ko rubuta "maganin Musulunci" a jikin shago, ba ya ɗauke wa mutum wannan hukunci.

Magungunan da aka fi kawowa

Habbatus sauda. Hadisin falalarta ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma mun yi imani da shi. Amma malamai sun yi bayani a kan fahimtarsa. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya kawo maganar Khaɗɗabi cewa lafazin na game-gari ne amma ana nufin wasu cututtuka keɓantattu, ya kuma kawo maganar waɗanda suka bar shi a kan gamewarsa. Ko a fahimta ta biyu, hadisin bai faɗi adadi ba, bai faɗi yadda za a haɗa ba, bai kuma ce a bar sauran magunguna ba. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya nuna cewa amfanin magani yana rataye da adadinsa, da lokacinsa, da yanayin mara lafiya da ƙasarsa. An ga sinadarin habbatus sauda yana kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji, amma abin da ya yi aiki a kwanon gwaji ba lallai ya yi a jikin mutum ba, kuma babu gwajin da ya tabbatar tana warkar da sankara a jikin ɗan Adam. Ƴan ƙwayoyi a abinci ba laifi. Shan manta cokali-cokali a lokacin shimiyo kuwa sai an tambayi likita.

Zuma da ruwan zamzam. Duka biyu alheri ne, a ba ta ta sha tana mai addu'a. Zuma tana sanyaya baki da maƙogwaro idan shimiyo ya sa sun yi gyambo, tana kuma ba da ƙarfi ga wadda ba ta iya cin abinci. Mai ciwon suga ta nemi shawara a kan adadi. A tabbatar da cewa zumar ba gauraye ba ce, zamzam ɗin kuma na gaske ne kuma a rufe yake.

Nonon raƙumi da fitsarinsa. Ƙissar mutanen Uraina tana cikin Bukhari da Muslim, amma ba sankara ce ta same su ba. A 2023 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Gabashin Bahar Rum ta buga rahoton likitocin Saudiyya da suka bibiyi masu sankara 20 da suka sha fitsarin raƙumi da nononsa. Babu ko ɗaya da ya amfana, biyu daga cikinsu kuma suka kamu da zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabbobi. Mai karɓar shimiyo garkuwar jikinta ta yi rauni. Duk nonon da za ta sha, na raƙumi ne ko na saniya, a dafa shi tukuna.

Ƙaho. Sunna ce tabbatacciya, amma tana da lokacinta. Shimiyo yana rage ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini da waɗanda ke yaƙar cuta. Ga shi kuma masu wannan ciwo jini yana yawan daskare musu a jijiya, har a ɗora wasu a kan maganin tsinka jini. Tsaga fata a wannan hali yana iya jawo zubar jini ko ruɓewar wurin. Haka nan tsaga da sakiya a kan kumburarren ciki haɗari ne babba. Ruwan da yake taruwa a ciki, a asibiti ake zuƙe shi da allura mai tsabta, kuma mara lafiya tana samun sauƙin numfashi nan take.

Maganin wankin ciki. Wannan shi na fi jin tsoro. Idan wannan sankara ta dawo, tana yawan manne wa hanji ta toshe shi. Mara lafiya sai ta daina bayan gida, ciki ya ɗaure, amai ya zo. Sai a ce basir ne ko dattin ciki, a dafa filasko ko sanamaki a ɗura mata. Tura hanjin da ya toshe da ƙarfi yana ƙara azaba, yana iya fasa shi.

Jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ba a san abin da ke ciki ba. Ƙoda ce take fitar da karboplatin daga jiki, kuma da ƙarfin ƙodar ake lissafa adadin da za a ba mara lafiya. Hanta kuma ita take sarrafa paklitaksel. Duk jiƙon da ya taɓa ƙoda ko hanta, ko wanda aka cika wa kanwa, yana iya sa maganin ya taru a jiki ya zama guba, ko gwajin jini ya lalace a ɗage shimiyo. Sai a ce ai maganin asibiti ne ya kayar da ita, alhali kwalbar da ke ƙarƙashin gado ce.

Ganyen korosol da ƙwallon abiriko. Waɗannan sun zo mana ne ta intanet. Babu gwaji a jikin mutane da ya nuna korosol yana warkar da sankara, kuma a tsibirin Gwadalup an danganta yawan shansa da wata cutar jijiyoyi mai kama da ciwon makyarkyata. Shi kuwa sinadarin ƙwallon abiriko, an gwada shi a kan masu sankara 178 a Amurka, aka buga sakamakon a 1982: bai amfanar ba, wasu ma sun nuna alamun gubar sayanaid.

Citta, tafarnuwa da kurkum. A miya da shayi ba su da matsala. Citta ma akwai gwajin da aka yi a kan masu shimiyo 576 da ya nuna cewa rabin giram zuwa giram ɗaya a rana yana rage tashin zuciya idan an haɗa da maganin amai na asibiti. Amma ƙwayoyinsu da ake sayarwa a kwalba masu ƙarfi ne: suna iya ƙara zubar jini, kuma an samu waɗanda ƙwayoyin kurkum suka taɓa musu hanta.

Abin da yake taimakawa

Ruƙya da addu'a. A yi mata da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata, ita ma ta yi wa kanta. Malamai sun sa sharuɗɗa uku: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, da harshen da ake fahimtar ma'anarsa, tare da ƙudurce cewa Allah ne mai warkarwa. Ba sai an ɗauko wani daga nesa ba. Ɗanta ko ƴarta da ya ɗora hannu a kanta ya karanta ya wadatar. Ruƙya ba ta karo da shimiyo, ana yin su a rana ɗaya. Babu duka, babu shaƙewa, babu turnuƙe ta da hayaƙi. Zuwa wajen boka ko mai duba kuwa haramun ne, kuma shi ne yake raba zumunci, a wayi gari ana zargin kishiya ko maƙwabciya da abin da ba su sani ba.

Abinci. Kada a hana ta abinci da sunan kashe ciwon da yunwa. Maganar cewa barin suga ko nama yana kashe sankara ba ta tabbata ba. Abin da yake faruwa shi ne mara lafiya ta rame ta kasa ɗaukar magani. A ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu, ƙwai, kifi, romo, dafaffen nono. Nana A'isha (Allah ya yarda da ita) ta kasance tana umarni da talbina, wato kunun sha'ir mai laushi, ga mara lafiya da mai baƙin ciki. Zogale da sauran ganye abinci ne mai kyau, sai dai idan hanji ya fara ƙuntata likita zai iya cewa a rage ganye da wake. Azumi kuwa Allah ya yi wa mara lafiya rangwame. Kada a bar ta ta matsa wa kanta.

Motsi da tausa. Ɗan tattaki a tsakar gida safe da yamma yana rage kasalar shimiyo. Tausa mai laushi a kafaɗa da hannuwa tana kwantar da hankali. Kada a danna ciki, kada kuma a murza ƙafar da ta kumbura tana zafi, domin yana iya zama daskararren jini ne.

Maganin zafi da kulawar sauƙaƙawa. Akwai fannin likitanci da aikinsa shi ne rage zafi, amai, rashin barci da damuwa. Mutane suna ɗauka sai an fid da rai ake nemansa. A 2010 an buga wani gwaji daga birnin Boston a kan masu sankarar huhu 151 da ciwonsu ya bazu: waɗanda aka fara musu wannan kulawa da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, sun fi ƙarancin damuwa, kuma matsakaicin abin da suka rayu ya kai wata 11.6, sauran kuma wata 8.9. Idan zafi ya yi tsanani likita ya rubuta morfin, a karɓa; malamai sun halatta shi saboda lalura a ƙarƙashin kulawar likita, kuma barin uwa tana murƙususu ba taƙawa ba ce. Amma kada a saya mata tramol ko maganin ciwon jiki a bakin hanya, domin wasunsu suna cutar da ƙoda.

Yadda ake gane mayaudari

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Masu cin kasuwa da ciwon mutane sun san haka. Ga alamominsu: yana ba da tabbacin waraka har da adadin kwanaki, maganinsa ɗaya yana warkar da sankara da suga da hawan jini da rashin haihuwa, ba ya faɗin abin da ke ciki, yana cewa a bar asibiti ko a ɓoye wa likita, hujjarsa muryoyi ne da bidiyon mutanen da ba a san su ba, yana neman kuɗi masu yawa tun kafin a fara, idan jiki ya rikice ya ce ciwon ne yake fita, idan aka rasu ya ce an makara ko imani ya yi ƙaranci. Duk wanda ya tara biyu daga cikin waɗannan, a riƙe kuɗin. Jikkunan da za a ba shi su ne za su sayi maganin da ke kan takardar likita, su biya kuɗin mota zuwa Yamai, inda Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa take.

Haƙƙin mahaifiyar

Jikin nata ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa a rashin lafiyarsa ta ƙarshe an ɗura wa Annabi (SAW) magani ta gefen baki alhali ya yi nuni da kada a yi, kuma da ya farfaɗo ya nuna rashin yardarsa. Saboda haka ba a ɗura wa uwa jiƙo da ƙarfi, ba a zuba mata a kunu a ɓoye, ba a kuma tilasta mata shimiyo. A yi mata bayani da tausasawa, gwargwadon abin da take son ji, domin wataƙila tana da bashi, ko wasiyya, ko wanda take son su yafi juna. Ɓoye mata komai yana hana ta wannan dama.

Idan lokaci ya zo da likita ya ga cewa wahalar shimiyo ta fi amfaninsa, ita ma ta ce ta gaji, to tsayar da shi ba laifi ba ne, ba kuma yanke ƙauna ba ne. Kulawa tana ci gaba: maganin zafi, zuƙe ruwan ciki, tsabta, zama kusa da ita. Wannan daban yake da barin maganin da yake aiki saboda alkawarin mai kwalba.

Ga dangi masu kawo magani, a karɓe su da mutunci, domin ƙauna ce ta kawo su. A ce: "Mun gode, Allah ya saka, za mu nuna wa likita." A naɗa mutum ɗaya a gidan wanda duk abin da za ta sha sai ya bi ta hannunsa.

Abin da za a yi a aikace

A tattara duk abin da take sha, na kwalba da na ƙulli da na farmasi, a kai wa likita ya gani. Kada a ji kunya. Likitocinmu ƴan ƙasa ne, sun san gidajenmu. A tambaye shi: mene ne burin wannan magani, kuma yaushe za a san ko yana aiki? Wace illa za mu sa ido a kai? Wanne daga cikin waɗannan za ta iya ci gaba da sha? Nawa za a kashe gaba ɗaya? Idan zuciya ba ta natsu ba, neman ra'ayin wani likitan sankara na biyu haƙƙinku ne.

A garzaya asibiti ba tare da jira ba idan zafin jiki ya kai 38 a lokacin shimiyo, ko amai ya ƙi tsayawa tare da rashin bayan gida da rashin fitar iska, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko jini yana zuba, ko ta rikice ba ta gane mutane.

Ƴaƴa mata da ƴan'uwan mara lafiya kuma su sani cewa wani kaso na wannan ciwo gado ne, ta hanyar ƙwayoyin halitta da ake kira BRCA, waɗanda suke da alaƙa da sankarar nono ma. Idan a dangi an taɓa samun ɗaya daga cikin biyun, a faɗa wa likita.

Na ce wa ɗalibin nan: hana mahaifiyarka abin da zai cutar da ita ba saɓo ba ne, yana cikin kyautata mata. Ba a auna biyayya da yawan kwalaben da aka jera a gefen gado. Ka kai ta wajen likita a kan lokaci, ka karanta mata Alƙur'ani, ka ba ta zumarta da zamzam ɗinta, ka saurari abin da take so, kada kuma wani abu ya shiga bakinta wanda likita bai san da shi ba. Idan ka yi haka ka riƙi sababi, sakamako kuma yana hannun Allah, kuma ba za a tambaye ka abin da ya fi ƙarfinka ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.